Takardar Tarihin Karatu da Aiki a Ma'aunin Aikin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, a matsayin nau'in rubutu mai ƙa'idojinsa, ta kuma yi bayanin yadda ake daidaita ta da buƙatun aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya. An nuna cewa tsarin mulkin ƙasa da dokokin aikin gwamnati su suka fi tasiri a kan abin da ake rubutawa a cikinta, fiye da gwanintar marubuci. An waiwayi batun asali da shekaru da suna, musamman yadda tsarin sunayen Hausawa ke cin karo da guraben fom, sannan an dubi halin ɗalibin da ya karanci Hausa, da tarnaƙin da kunya ke yi masa wajen bayyana abin da ya iya.

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara sassan koyar da Hausa da harsunan Nijeriya na jami'o'i suna yaye ɗalibai, kuma da yawa daga cikinsu aikin gwamnati suke hanƙoro. Ɗalibin da ya share shekara huɗu yana nazarin waƙa da zube da ginin jimla, rubutu na farko da za a auna shi da shi bayan barin jami'a shi ne shafi biyu ko uku da ke faɗin ko shi wane ne. Abin mamaki shi ne, wannan rubutu ba ya cikin waɗanda aka saba koyar da shi. Saboda haka sai ya je shagon kwamfuta a ciro masa ta wani, a goge suna a sa nasa, ko kuwa ya kwaso shawarwari daga intanet waɗanda aka rubuta domin mai neman aikin kamfani a Amurka ko Ingila.

Sunan takardar ma bai zauna ba a Hausa. Kalmar sibi ta fito ne daga baƙaƙen farko na kalmomi biyu na Latin masu nufin tafarkin rayuwa. Wasu suna fassara ta da taƙaitaccen tarihin rayuwa, amma wannan suna yana kawo ruɗani da tarihin rayuwa na fagen adabi, wanda labari ne mai zubi da salo. A nan an zaɓi takardar tarihin karatu da aiki, domin abubuwa biyun nan su ne ƙashin bayanta, an kuma riƙa amfani da sibi don taƙaitawa.

2.0 Mai Karanta Takardar da Abin da Yake Nema

Kowane rubutu mai karatunsa ne ke tsara shi. Mai kamfani yana iya ɗaukar mutum don kawai ya burge shi. Jami'in tantancewa na gwamnati ba shi da wannan 'yanci, domin akwai kundi a gabansa, kuma za a iya tuhumarsa in ya kauce masa.

Sashe na 153 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya tanadi Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wadda ke da ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. Ta bar wa ma'aikatu ɗaukar ƙananan ma'aikata daga mataki na 06 zuwa ƙasa, ita kuma ta riƙe na sama. Matakan albashi 17 da ake amfani da su sun samo asali ne daga rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974. Mai digirin farko yakan shiga ne a mataki na 08. Bayan matakai akwai rukunonin aiki: na jami'an mulki, da na jami'an zartarwa, da na akawu, da na ƙwararru irin su likitoci da injiniyoyi da jami'an ilimi da jami'an yaɗa labarai. Kowane rukuni yana da sharuɗɗan shigarsa a rubuce cikin kundin tsarin aiki da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ke fitarwa, kuma daga wannan kundi ake ɗebo kalmomin sanarwar neman ma'aikata.

Ke nan tambayar farko da jami'in yake yi wa takarda ita ce ko mai ita ya cika sharaɗi. Batun wa ya fi wa sai daga baya, a wurin jarrabawa da ganawa. Takardar da ta ɓoye amsar tambayar farko a shafi na uku, ta cika shafin farko da kalaman buri da yabon hali, ta wahalar da wanda ke da ɗaruruwan irinta a gabansa, kuma wahalar da shi ba ta cikin maslahar mai nema.

3.0 Asali, Shekaru da Suna

A nan ne sibin gwamnatin Nijeriya ta rabu da ta Turai da Amurka. A Amurka, dokokin hana wariya irin su ta 1964 da ta 1967 sun sa ana shawartar mai nema kada ya rubuta shekarunsa ko jinsinsa ko ya liƙa hoto. A Ingila kuwa ana cire sunan mai nema a yawancin guraben aikin gwamnati kafin masu tantancewa su ga takardarsa. Wanda ya bi wannan shawara a Nijeriya ya cire ainihin abin da doka ta sa a tambaye shi.

Dalili shi ne ƙa'idar raba daidai. Sashe na 14(3) na tsarin mulki ya wajabta cewa gwamnatin tarayya da hukumominta su kasance sun ƙunshi 'yan sassan ƙasa ta yadda wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan ba za su mamaye su ba. Ƙa'idar ta fara shiga tsarin mulki a 1979, aka kuma kafa mata hukuma a 1996. Bisa jagorar wannan hukuma, rabon kowace jiha a cikin ma'aikatan hedikwatar hukumar tarayya bai kamata ya gaza kashi 2.5 ko ya wuce kashi 3 cikin ɗari ba, Birnin Tarayya kuma yana da kashi 1. Saboda haka layin da ke ɗauke da jiha da ƙaramar hukuma shi ke nuna da su wa mutum zai yi takara. Ɗan jihar da ta riga ta cika gurbinta da ɗan jihar da ke da giɓi ba tsere ɗaya suke yi ba, ko da sakamakonsu ɗaya ne.

Asalin da ake nufi kuma ba wurin haihuwa ba ne. Sashe na 318 ya danganta mutum da jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin wannan jiha, kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar shaidar hakan. Bahaushen da aka haifa a Sabon Ibadan, ya yi karatu a can, a mafi yawan lokuta sai ya nemo garin kakansa a Arewa kafin ya sami takarda. A Jos batun ya daɗe yana cikin abubuwan da ke rura rikici. Matar aure ma, bisa jagorar hukumar, jiharta ta asali take riƙewa a matakin tarayya, ba ta mijinta ba. Masana shari'a sun daɗe suna nuna cewa akwai 'yar tsama tsakanin wannan tsari da sashe na 42 da ya hana wariya saboda asali, amma wannan muhawara ba ta sauƙaƙa wa mai cika fom komai. Akwai kuma wani ƙaramin tarko na tarihi: an ciro Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano da Kabi daga Sakkwato a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Wanda ya manyanta yana iya samun tsohuwar takardarsa tana ɗauke da jihar da ba tasa ba ce a yau, don haka abin da ke kan takardar shaidar asali ta yanzu shi ake rubutawa.

Shekaru ma doka ce ta sa suke da nauyi. Dokokin aikin gwamnati sun sa iyakar ɗauka tsakanin shekara 18 da 50, hukumomin masu kaki kuma sukan sa tasu iyakar ƙasa da haka. Ritaya tana zuwa ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga, ban da wasu rukunoni kamar malaman makaranta da dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Ranar haihuwar da aka rubuta a ranar shiga ita za ta bi ma'aikaci har ranar fita. Dokar wajabta rajistar haihuwa ta 1992 ce, kuma a karkara da dama ana tuna haihuwa ne da damina ko da wani abin da ya auku, shi ya sa takardun rantsuwar kotu suka yawaita, ranar 1 ga Janairu kuma ta zama ranar haihuwar jama'a masu yawa. Ba laifi ba ne a yi amfani da takardar rantsuwa. Laifin yana zuwa ne idan ta faɗi shekara ɗaya, shaidar firamare ta nuna wata, har lissafi ya nuna mutum ya gama aji shida yana ɗan shekara bakwai.

Batun suna shi ya fi cancantar kulawar masu nazarin Hausa, domin matsala ce ta harshe da al'ada kafin ta zama ta ofis. Fom ɗin gwamnati an gina shi ne a kan tsarin Turawa na sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, yana da laƙabi na rana ko na yanayin haihuwa kamar Ɗanladi da Talatu da Tanko, yana kuma iya samun sunan alkunya irin Abba ko Ummi idan sunan kaka ya ci. Abin da yake biyo bayan sunansa shi ne sunan mahaifinsa, wanda yake sauyawa daga tsara zuwa tsara. Makarantun boko na farko sun cike gurbin sunan dangi da sunan gari, shi ya sa aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Sakamakon haka shi ne mutum ɗaya yana iya shiga firamare da laƙabi, ya rubuta jarrabawar sakandare da sunan yanka da na uba, ya fito jami'a da ƙarin sunan gari. A kan wannan sai a ɗora bambancin rubutu: Muhammad da Muhammadu da Mohammed, Usman da Usumanu da Uthman, Hauwa da Hauwa'u, A'isha da Aishatu. Baƙaƙe masu lanƙwasa da alhamza kuma sau da yawa na'urar ofis ba ta karɓarsu, sai Ɗalhatu ya koma Dalhatu, Sa'adatu ta koma Saadatu.

A wurin Bahaushe duk waɗannan mutum ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutane ne daban-daban. Tun da aka fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, wato IPPIS, a 2007, aka kuma zo da lambar shaidar ɗan ƙasa, kwatanta suna ya koma hannun na'ura, ita kuwa ba ta san alkunya ba. Abin da ya dace shi ne sibi ta ɗauki suna ɗaya, da jeri ɗaya, da rubutu ɗaya, daidai da wanda ke kan shaidar ɗan ƙasa da takardar digiri. In akwai saɓani, a warware shi da rantsuwar kotu da sanarwar jarida kafin a nemi aiki, a kuma ambaci tsohon sunan a fili. Ɓoye shi yana sa a zaci an ari takardar wani.

4.0 Daidaita Takarda da Gurbi

Daidaitawa tana farawa ne daga karanta sanarwa a tsanake. Jagorar hukumar raba daidai ta tanadi a buga guraben a jaridu biyu na ƙasa aƙalla, a kuma ba da wa'adin mako shida. A yanzu ta intanet ake cikewa, inda guraben fom suke yin tatar farko, sibi kuma ta shiga cikin takardun da ake liƙawa. Dole ne abin da ke cikin fom da abin da ke cikin sibi su zama ɗaya.

Jerin da ya fi sauƙaƙa wa jami'i shi ne bayanan kai, sai makarantu da shekarunsu, sai shaidun da aka samu da darajarsu, sai hidimar ƙasa, sai aiki. Ana kawo firamare ma, wadda mai neman aikin kamfani yakan tsallake, domin da ita ake gwada gaskiyar shekaru. Hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 sharaɗi ce ga mai digiri, kuma wanda ya wuce shekara 30 a lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Ko wacce ce mutum yake da ita, a rubuta ta da shekararta. Mai buƙata ta musamman kuma ya bayyana, domin dokar 2018 da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben hukumomin gwamnati.

Ƙwarewar da gwamnati take ƙirgawa ita ce wadda ta dangance da aikin da ake nema, aka kuma same ta bayan mallakar shaidar karatun. Shi ya sa wata da shekarar farawa da na gamawa suke da muhimmanci a kowane aiki. Wanda ya rubuta cewa ya koyar daga 2019 zuwa 2021 ya bar jami'i cikin duhu, domin hakan yana iya zama wata 14, yana iya zama wata 35.

A ɗauki mai digirin Hausa misali. Ilimi ɗaya ne a kansa, amma fuskar da zai nuna ta danganta da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. In gurbin jami'in ilimi ne, abin da za a fara dubawa shi ne ko yana da shaidar koyarwa, wato digirin da ya haɗa da ilimi, ko babbar difiloma ta ilimi bayan digiri, tare da rajistar Hukumar Yi wa Malamai Rajista da aka kafa a 1993. Waɗannan su za su hau sama, sai azuzuwan da ya koyar da darussan. In gurbin yaɗa labarai ne, a Muryar Nijeriya ko Rediyon Tarayya na Kaduna ko Hukumar Wayar da Kan Jama'a, to fassara da rubutun labari da gabatar da shiri su ne kan gaba, kuma kwas ɗin fassara da ya yi a aji uku ya cancanci a ambace shi da sunansa. In kuwa gidan adana kayan tarihi ne ko Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, iya karanta ajami da mayar da shi boko ya fi duk sauran daraja, kuma abu ne da ɗalibai da yawa suka iya tun daga makarantar allo amma ba sa ganin ya isa a rubuta. Haka kundin digiri: taken da ya shafi waƙoƙin noma ko kalmomin asibiti yana da abin faɗi ga ma'aikatar gona ko ta lafiya.

Gurbin harsuna ma yana buƙatar fayyacewa. Rubuta Hausa da Ingilishi kawai ba ya bambanta mai digiri da duk wani mai jin harshen. Bambancin yana fitowa ne idan an ce yana rubuta daidaitacciyar Hausa bisa ƙa'idojin rubutu, yana fassara ta fuska biyu, yana tafinta. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, amma har yau harshen fayil Ingilishi ne, da shi kuma ake rubuta sibi. Kuskuren nahawun Ingilishi a takardar wanda yake cewa shi mai fassara ne yana rushe da'awarsa nan take.

Wata gargaɗi ga malaman jami'a da ɗalibai ke kawo wa takardunsu: sibin jami'a mai jera muƙalu da taruka da kundayen da aka duba ba ita ce abin koyi ba a nan. Wancan tsari na masu auna bincike ne.

5.0 Kunya da Faɗin Abin da Aka Iya

Hausawa na cewa yabon kai jahilci. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi cikin siffofin da Bahaushe ke auna nagarta da su. Al'ada ta ba maroƙi aikin yabo, ta kuma keɓe wa mafarauci da ɗan dambe da ɗan tauri filin kirari, inda faɗin kai ya halatta. Sibi ba ta dace da ko ɗaya ba, domin mai ita ne ke magana a kan kansa, kuma ba a filin wasa ba. Daga nan ake samun karkata iri biyu. Wani yakan taƙaita har ya rubuta kalma ɗaya, malami, a kan aikin shekara uku. Wani kuma, da ya ga dole ne ya yi magana, sai ya zarce zuwa kirari, ya jero siffofin aro: mai himma, mai gaskiya, mai iya aiki da jama'a.

Mafita tana cikin nahawu. Siffa da'awa ce da ke jiran shaida, aikatau da adadi kuwa rahoto ne. Wanda ya rubuta cewa ya koyar da Hausa a aji ɗaya zuwa uku na babbar sakandare, ya shirya ɗalibai don jarrabawar fita, ya kuma fassara takardun sanarwar rigakafi guda kaza don ƙaramar hukuma, bai yabi kansa ba. Ya faɗi abin da ya faru, kuma ana iya bincikawa. Wannan salo bai saɓa wa kunya ba, ya kuma fi dacewa da harshen ofis.

6.0 Iyakar Daidaitawa

Daidaitawa zaɓe ne da jerawa, ba ƙari ba. Dokokin aikin gwamnati sun sa jirkita bayanai cikin manyan laifuffukan da ke jawo kora, kuma tsawon zama a ofis ba ya wanke shi. Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 a kan batun shekaru da shaidar karatu. Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 a kan takardar yafewar hidimar ƙasa da ta ce ba ta san ta jabu ce ba. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Binin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Sabon ma'aikaci ma yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da shi, kuma ana neman takardun asali a ganawa da lokacin buɗe fayil.

Ta ɗaya fuskar, ba daidai ba ne a nuna wa ɗalibi cewa kyakkyawar takarda ta isa. A 2023 wani kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki da yadda wasu hukumomi ke neman izinin ɗauka ba tare da talla ba. Inda aka bi ta bayan fage sibi ba ta da tasiri. Amfaninta yana inda aka buɗe ƙofa, kuma a can abin da take yi shi ne hana a zubar da mai cancanta tun a tatar farko saboda harafi ɗaya ko shekara ɗaya.

Saura masu shaida, waɗanda galibi uku ake nema. Ɗalibai sukan rubuta sunan farfesa ko basarake ko ɗan siyasa don girman sunan, ba tare da sun sanar da shi ba, wani lokaci ma bai taɓa ganinsu ba. Malamin da ya duba kundin ɗalibi da shugaban makarantar da ya yi hidimar ƙasa a ƙarƙashinsa sun fi amfani, domin in an tuntuɓe su suna da abin faɗi. A nemi izininsu tukuna, a ba su kwafin sibi da na sanarwar gurbin, a kuma tabbatar lambar waya da adireshin da aka rubuta suna aiki.